Bambancin kalmomin Turanci masu ma'anar tsawaitawa

'Yan'uwa masu koyon Turanci, akwai kuskuren da nake yawan gani a rubuce-rubucenmu, wato ɗaukar lengthen da extend da prolong a matsayin abu ɗaya, saboda a Hausa kalmar tsawaitawa kaɗai ta ishe mu a duk wuraren.

Idan tsawon abu na zahiri ake nufi, kamar wandon da ya yi wa yaro gajarta har tela ya warware kalmasar ƙafar ya sake shi, to lengthen ce ta dace. Extend kuwa ta fi faɗi, domin da ita ake ƙara wa'adin biza ko kwantiragi ko ranar rufe karɓar takardu, kuma da ita ake ƙara ɗaki a jikin gida. Duk mai neman ƙarin lokaci a wasiƙar ofis, ita ya kamata ya riƙe.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne prolong. Ita wannan kusan lokaci kaɗai take shafa, ba a amfani da ita ga igiya ko riga, kuma sau da yawa tana nuna an ja abu fiye da kima, kamar taro ko rikici, ko da yake likitoci kan ce prolong life game da maganin da ke tsawaita rayuwar majiyyaci. Saboda haka, idan ka rubuta wa shugabanka kana roƙon ƙarin kwanakin hutu da prolong, zai gane nufinka, amma jimlar za ta yi masa banbarakwai.