Kafin ku sha ruwan Františkovy Lázně

'Yan uwa, duk mai shirin zuwa ƙasar Cek ya ware kwana ɗaya ga Františkovy Lázně, ɗan garin maɓuɓɓugan ruwan ma'adinai da ake sha don lafiya, wanda ke dab da garin Cheb, kusa da iyakar Jamus. An kafa shi a 1793, aka sa masa sunan Sarki Francis na Biyu, kuma a 2021 UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da garuruwan Karlovy Vary da Mariánské Lázně. Gine-ginensa ruwan ɗorawa da fari ne, gwanin kyau.

Shawarata kan ruwan ce. Ku sayi ɗan kofin tangaran mai bakin buta, da shi ake kurɓa a hankali ana tafe. Ruwan sanyi ne, yana da gishiri-gishiri da ɗan tsami. Amma don Allah ku yi hattara da maɓuɓɓugan da ake kira Glauber, musamman ta huɗu, tana sa gudawa sosai. Kurɓi biyu ya isa. Mai ciwon ƙoda ko hawan jini ya fara tambayar likita.

Ku riƙi kuɗinsu, koruna. In da sauran lokaci ku leƙa Soos, inda laka ke tafarfasa da iskar da ke fitowa daga ƙasa.