Iskar taya: yadda ake juya bar da kPa su koma psi

Gejin da yawancinmu masu faci ke riƙewa a nan Legas da psi yake magana, wato awon Amurka. Su kuwa motocin tokunbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, da ke fitowa daga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, kowace da nata awon. Buɗe ƙofar direba ka duba 'yar takardar da ke manne a jikin ƙarfen. Wasu motocin Jamus a bayan murfin tankin mai suke liƙa ta. Ta Amurka psi za ta ba ka, ta Turai bar, ta Japan kPa.

Lamba biyu kacal za ka riƙe. Bar ɗaya daidai yake da psi 14.5, kuma daidai yake da kPa 100.

In takarda ta ce bar 2.2, ɗauko kalkuletar wayarka ka buga 2.2 sau 14.5. Za ka ga 31.9, sai ka ce wa mai faci ya sa 32. In kPa ne, a ce 240, fara raba shi da 100 ya koma bar 2.4, sannan ka buga sau 14.5, ka sami 35 ke nan. In baya za ka koma, rabawa za ka yi: psi 36 a raba da 14.5, bar 2.5. Ba waya a kusa? Raba kPa da 7 da ka, 210 ya ba ka 30, ƙaramar mota ba za ta ji bambancin ba.

Amma direbobin tirela da tanka, ku ban yarda ku yi wannan kintacen ba. Wasu kan ce ai 14.5 da 15 duk ɗaya ne. A bar 8, lissafin gaskiya 116 ne, na kintace 120, ga kaya niƙi-niƙi, ga zafin kwalta.

Geji ma sai an lura. Nawa na kasuwar Ladipo layi biyu gare shi a fuska ɗaya, baƙaƙen lambobi a waje psi, jajaye a ciki bar, allura ɗaya ke nuna duka. Tabbatar wane layi yaron shago yake karantawa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai mota ya tsuguna ya karanta 44 ko 51 a gefen taya, ya ce, "Malam, cika mini haka." Alhaji, wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne, ba abin da motarka ke so ba. Ka cika haka, tsakiyar tayar ce za ta fara cinyewa, kowane ramin titin Agege kuma sai ka ji shi a ƙugunka.

Ka auna da safe kafin mota ta yi tafiya. In ka taso daga Mile 12 da rana tsaka ka ga iska ta ƙaru da psi 3 ko 4, zafi ne, kada ka sace ta. 'Yar siririyar safaya ɗin nan kuwa yawanci psi 60 take sha, wato kPa 420.