Kafin ka biya kuɗin babbar mota 'yar Kwatano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga da yawa daga cikinmu na neman Camry ko Avalon bayan an sayar da amfanin gona, to ga abin da nake roƙon ku duba.

Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka zuba wa allon gaban sitiyari ido. Fitilar jakar iska (jakar da ke kumbura ta kare mutum idan an yi haɗari), mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, dole ta kunna na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu da kanta. In ba ta kunna ba sam, ko ta ƙi mutuwa, a kai wa mai lantarkin mota ya sa mata na'ura. Wasu motocin sun taɓa yin haɗari, an cire jakar an liƙe murfin sitiyarin kawai. Shafa shi da yatsa, wataƙila ka ji gam ko tabon fenti.

Jakar nan kuwa ba ta aiki daidai sai da bel. Tana fashewa da ƙarfin gaske cikin ƙiftawar ido, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga yaro a cinyar uwarsa a kujerar gaba, ranar kasuwar Maigatari. Yara su zauna baya, don Allah.

Birkin ABS kuma, wato mai hana tayoyi cijewa idan an taka birki da ƙarfi, in saniya ta faɗo titi, ka taka ka danne, kada ka ɗaga ƙafa don ka ji yana kakkarwa. Aikinsa ke nan, kuma sitiyari zai ci gaba da juyawa.