Yadda ake ban ruwan shinkafa ba tare da ɓarna ba

Shinkafa ba sai ta kwana cikin ruwa kullum ba. Fara da daidaita ƙasar gonar, domin tudu kan bushe kafin kwari.

Samo bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huhhuda rabinsa na ƙasa, ka kafa shi har ramukan su nutse, ka kwashe lakar ciki. Mako biyu bayan dashe, bar ruwa ya janye. In ya sauka santimita 15 ƙarƙashin ƙasa a cikin bututun, sake ba da ruwa har ya kai santimita 5 a sama. In ciyawa ta yi yawa, jinkirta barin ruwan ya janye sai an nome ta.

Lokacin fure kuwa, daga mako guda kafinsa zuwa mako guda bayansa, kada gonar ta bushe, in ba haka ba zangarniya ta fito fanko.