Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Land Cruiser ta Koma Motar Shiga Kullum da Kuɗi Kaɗan

A garejoji da harabar gidaje da yawa za ka tarar da tsohuwar Land Cruiser an jingine ta, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilasai. Wasu an sayo su ne a gwanjon motocin ofis, wasu kuma gado ne. Yawancinsu ba mutuwa suka yi ba, gajiya aka yi da su. Na zaɓi samfurin 80, wanda Toyota ta ƙera a Japan daga 1990 zuwa 1997, musamman mai injin gas na 1HZ: silinda shida a jere, lita 4.2, babu turbo, babu kwamfutar da ke juya shi. Irin wannan injin ne ke cikin motocin samfurin 70 da ke ratsa yashi a yankin Agadez. Mai Hilux ko Pajero ma zai amfana da yawancin abin da ke nan.

Abin da ke cinye kuɗin mutane a wannan aiki shi ne rashin bin tsari. Mutum ya fara da fenti da kujeru, ranar da injin ya ɗauki zafi aljihu ya riga ya bushe. Kuɗinka ya fara zuwa wajen abin da zai iya kashe injin, sai birkin da zai tsayar da motar, sai abin da ke riƙe ta a kan hanya. Kwalliya ta jira.

Mataki na farko: takardu da shasi, kafin ka kashe ko sisi

Ka nemi lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen da ke ɗauke da gangar motar, wajen tayar gaba, ka gwada ta da wadda ke cikin takardun mota da na kwastam. In ba su zo daidai ba, ko ka ga alamar an goge wurin an sake bugawa, ka tsaya nan har sai an warware. Babu amfanin gyara motar da jami'an hanya za su karɓe a shingen farko.

Daga nan ka shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma. Ka bi dogayen ƙarafan shasi biyu daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, wanda tsatsa ta ci kuwa yakan lotsa ko ya zubo da ɓarɓashi. Ka duba wuraren da aka ɗaure sifirin da akwatin sitiyari, domin nan tsagewa ta fi fitowa. Motar da ta yi rayuwarta a Arewa ba ta cika fama da tsatsa ba saboda bushewar iska, amma wadda ta daɗe a Legas ko Fatakwal, ko aka shigo da ita daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, sai an bincika sosai. Ƙaramar tsagewa gwanin walda zai iya ɗinke ta ya ƙara mata faranti. Shasin da ya karkace saboda haɗari kuwa, shawarata ka haƙura da motar, ka sayar da kayanta.

Mataki na biyu: ka saurari injin kafin a buɗe shi

Kada ka bari a kwance injin a ranar farko. Da yawa daga cikin kanikawa, da zarar sun ga hayaƙi sai su ce "Alhaji, sai an yi ringi," wato a kwance injin a canza zobban da ke jikin fistin. Wani lokacin gaskiya ne, amma sau da yawa matsalar ba ta kai nan ba.

In motar ta daɗe a ajiye, ka fara da zubar da tsohon gas, ka wanke tanki, ka sa sabuwar matatar mai. A saman matatar akwai ɗan famfon hannu, da shi ake fitar da iska daga layin mai. Ka sa sabon baƙin mai, kusan lita 10 wannan injin ke sha, da sabuwar matatarsa. Sannan a tayar da shi da sassafe yana sanyi, kana tsaye a wurin.

Ka kula da launin hayaƙi. Fari na 'yan daƙiƙoƙi da safe yawanci filogin ɗumama injin ne suka mutu, kuma ba su da tsada. Baƙi idan an taka yana nuna matatar iska ta toshe ko nozul, masu fesa gas cikin silinda, sun gaji, ko kuma an murɗa famfon mai an ƙara masa. Shuɗi da ba ya yankewa shi ne alamar injin na ƙona baƙin mai. Bayan ya ɗumama, ka cire murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi sako-sako a bakin: in yana ɗan rawa kawai, babu damuwa, in iska na cilla shi tana feso hayaƙi, ringi sun tafi. Ko a nan ma ka nemi a auna matsin kowace silinda da na'ura, a rubuta maka sakamakon, kafin a taɓa noti ɗaya. Nozul kuwa a kai su wurin masu gyaran injekta a gwada su a kan benci. Sau tari wannan kaɗai ke dawo da ƙarfin motar ya rage shan mai.

Abu ɗaya ne ban yarda a ɗaga masa ƙafa ba: bel ɗin taimin, wanda ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. Ƙa'idarsa a wannan samfurin kilomita 100,000 ce, kuma akwai fitila a allon gaban direba mai tunatarwa, sai dai ana iya kashe ta ba tare da an canza komai ba. Tunda ba ka san ranar da aka sa wanda ke ciki ba, ka canza shi tare da boris ɗin da ke ɗame shi. In ya tsinke kana tafiya, fistin zai daki bawul, gyaran da zai biyo baya ya ninka kuɗin bel sau da yawa.

Mataki na uku: ruwa da sanyaya injin

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin zafi ne ke kashe irin waɗannan injuna a ƙasarmu, musamman a watannin Maris zuwa Mayu. Kan silindar 1HZ yana iya tsagewa in ya sha zafi sosai, kuma samun mai kyau a madadinsa akwai wuya da tsada.

A kwance lagireto a kai wa masu wankinsa su buɗe shi su zuzzure bututun ciki. In sun ce fiye da kima ya toshe ko ya ruɓe, ka sayi wani, kada a yi ta liƙe-liƙe. Ka canza murfinsa, domin murfin da ba ya riƙe matsi yana sa ruwa ya tafasa da wuri. Ka matsa kowane tiyo da hannu, wanda ya yi laushi ko ya kumbura ko ya ƙage a cire shi, har da ƙanana da ke ɓoye a bayan injin. Ka girgiza famfon ruwa, in yana motsi ko akwai sawun ɗiga a ƙasansa, lokacinsa ya yi.

Fankar injin tana da wani kan da ke ɗauke da mai mai kauri a cikinsa, shi ke sa ta kama sosai idan zafi ya tashi. Da injin a kashe bayan tafiya, ka juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa babu turjiya, kan ya mutu. Ana iya buɗe na asali a ƙara masa man silikon, kuma wannan ya fi ɗaure fankar da walda kamar yadda wasu ke yi, abin da ke ƙara ƙara da shan mai yana kuma gajiyar da famfon ruwa.

Sai maganar tamostat. An saba cire shi a jefar da hujjar cewa na ƙasar sanyi ne. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya sa injin ya kai zafin aikinsa da wuri ya kuma tsaya a nan. Injin gas da ke yawo a sanyaye ba ya ƙona mai yadda ya kamata, yana tara baƙin toka, yana saurin cinye ringi. In motar na zafi da tamostat mai lafiya, to akwai wata matsalar da cire shi zai ɓoye kawai. Ka sa sabo na asali. Kuma ka daina zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla, shi ke barin farin dutse a cikin lagireto. A haɗa ruwan sanyaya injin da tataccen ruwa irin na batir.

Mataki na huɗu: birki

Mota ce mai nauyin fiye da tan biyu, za kuma ka shiga da ita cikin masu adaidaita sahu da babura da yara 'yan makaranta. A cire tayoyi huɗu a duba fata da faranti. A zuƙe tsohon man birki gaba ɗaya a sa sabo na DOT 3 daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka, domin man birki yana tsotsar danshi, tsoho kuma yana tafasa a doguwar gangara. Tiyon roba na birki in ya tsattsage a canza. In ka danna feda ka riƙe ka ji tana nitsewa a hankali, babban famfon birki ne ke yoyo a ciki. A gyara birkin hannu ma. Fatar birki da tiyo da robobin famfo ba a sayen su na hannu.

Mataki na biyar: ƙafar gaba da sitiyari

Ka leƙa bayan tayoyin gaba, za ka ga wani mulmulallen ƙarfe kamar ƙwallo a kowane gefe. In ka tarar da shi jiƙe da baƙin mai haɗe da giris yana gangarowa, sil ɗin ciki ya mutu, man akisil ya gauraya da giris ɗin gaɓar da ke juya taya. Alamar gaɓar ta fara lalacewa ita ce ƙas-ƙas idan ka karya kwana sosai. Kayan wannan gyara ana sayar da su a ƙunshi guda: sil, gasket, boris da sauransu. Aiki ne na yini ɗaya mai datti, yana cin giris mai yawa, kuma irin mai launin toka-toka mai molibdinam ake cusa wa gaɓar, ba na boris ba. Ka nemi bakaniken da ya saba da manyan Toyota, domin ɗaurin boris ɗin yana da ma'auni. Wanda ya yi shi da kyau zai huta shekaru.

Da motar a kan jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan dama da hagu. Motsin sama da ƙasa boris ne, na gefe kuwa tayarod. Bushin da suka fashe a hannayen akisil su ke sa mota ta riƙa yawo a kan titi ko sitiyari ya kama kakkarwa bayan an faɗa rami. Shokozoba na daidai tsayin motar ya wadatar. Kada ka ɗaga ta sama don ado, ƙarin tsawo ƙarin wahala ne ga sitiyari da aljihu.

Mataki na shida: man giya da tayoyi

A zubar da man akwatin giya, da na akwatin raba ƙarfi, da na akisil gaba da baya. Kullum a fara kwance notin zubawa kafin na zubarwa, kada a zubar sannan a gano na sama ya ƙi buɗuwa. Man da ya fito fari-fari ruwa ya shige shi, sai a duba ƙananan bututun numfashin akisil. A buga giris a dukkan kawunan furofela.

Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, ci ɗaya. Wasu motocin samfurin 80 kullum da ƙafa huɗu suke ja, bambancin girman taya yana wahalar da akwatin raba ƙarfi. Masu makullin hannu a cibiyar tayar gaba kuma, ka bar su a buɗe cikin gari, kada ka sa ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta. In taya ta hannu za ka saya, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Wadda ta haura shekara shida ka bar ta, ko da zanenta bai ci ba, zafin kwalta ba ya raga wa tsohuwar roba. Manyan tayoyin laka kuma ba su da amfani ga mai zuwa ofis da kasuwa.

Mataki na bakwai: lantarki

Wannan bai cika cin kuɗi ba. A wanke kawunan batir da wayoyin da ke haɗe da jikin mota, a cire duk wayar da aka jona da hannu aka naɗe da leda, a mayar da fiyus na ainihi inda aka ɗaura zaren waya. Da injin a kunne, batir ya nuna wajen bolt 14. Ka tabbatar allurar zafi da fitilar baƙin mai suna aiki, su ne idonka a kan injin.

Inda za ka sayi kaya

A Kano akwai Kofar Ruwa, a Kaduna Panteka, a Abuja Apo, a Legas Ladipo. Kaya mai nauyi, kamar akisil, akwatin giya, kik, ƙofa da gilashi, na Beljiyam na asali ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Roba, bel, sil, matata da kayan birki kuwa sabo kawai. Ka tafi da tsohon kayan a hannu da lambar shasi, ka yi yarjejeniyar dawowa in bai dace ba. Da bakanike kuma ku yanke kuɗin aiki mataki-mataki, kada ka damƙa masa kuɗin duka lokaci ɗaya, kuma ka ce masa cikin mutunci, "Maigida, a ajiye mini duk abin da aka cire." Ka ware kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka ka ɓoye, domin tsohuwar mota ba ta bayyana dukkan ciwonta sai ta fara tafiya.

Gwaji da makonnin farko

Ka fara da zagayen unguwa, sannan tafiyar rabin sa'a, idonka a kan allurar zafi. Kowace safiya ka duba ruwa da baƙin mai, ka kuma leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Bayan kilomita ɗari ko biyu a sake ɗaure notocin taya da na ƙafar gaba. Ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka sake cikawa ka yi lissafi. Lita 12 zuwa 14 a kilomita 100 abu ne da aka saba gani a wannan injin, kuma da tsadar gas ya kamata ka san wannan tun kafin ka mai da ita motar kullum. In ta zarce haka sosai, ka koma kan nozul, iskar taya da birkin da ke kamawa.

Daga nan baƙin mai kowane kilomita 5,000, matatar iska kuma a hura ta daga ciki zuwa waje kowane mako lokacin hunturu, a zubar da ƙurar da ta taru a ƙoƙon ƙasan gidanta. Idan ta yi wata biyu ko uku tana kai ka tana dawo da kai ba ta nemi komai ba, sai ka gyara na'urar sanyaya ɗaki da kujerar direba, sannan ka je wurin mai fenti da abin da ya rage.