Yadda ake horar da lauyoyi a Amurka kan abin da shari'ar laifi ke jawo wa baƙo

Kwana ɗaya ne tsakanin ɗaurin kwana 364 da na kwana 365. Ga ɗan ƙasa, wannan ba abin tsayawa ciniki ba ne. Ga mai girin kad (katin izinin zama na dindindin) da ake tuhuma da sata a Amurka kuwa, wannan kwana ɗayan kan raba wanda zai iya roƙon alƙalin shige da fice ya bar shi a ƙasar da wanda ko bakin roƙon ba zai samu ba. Makomar baƙo a kotun laifi ake yanke ta, ranar da ya amsa laifi, tun kafin hukumar shige da fice ta buɗe fayil ɗinsa. Duk horon da za a ba lauyoyin da ke kare waɗanda ake tuhuma, a kan wannan ranar ya kamata a gina shi.

A fara da shari'ar Padilla da jihar Kentucky, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2010, amma kada a ɓata rabin yini a kanta. Jose Padilla haifaffen Honduras ne, ya shafe sama da shekara 40 da izinin zama na dindindin, ya yi wa Amurka aikin soja a Biyetnam. An kama shi da tabar wiwi a babbar motar da yake tuƙawa, lauyansa ya ce masa ya kwantar da hankalinsa tunda ya daɗe a ƙasar, shi kuwa ya amsa laifin da korarsa ta zama dole. Kotu ta ce Gyara na Shida na kundin tsarin mulki ya ɗora wa lauya nauyin faɗa wa wanda yake karewa haɗarin kora. Inda doka ta fito fili, dole a faɗa masa sakamakon kai tsaye. Inda take da sarƙaƙiya, a ƙalla a gargaɗe shi cewa akwai haɗari. Masu koyo sun fi riƙe kashi na biyu saboda ya fi sauƙi, sai su riƙa cewa kowa "mai yiwuwa a kore ka". Wanda laifinsa safarar ƙwaya ne, wannan magana ba ta sauke nauyi ba. A ƙara musu da shari'ar Chaidez ta 2013, wadda ta ce hukuncin Padilla bai shafi shari'un da suka kammala kafinsa ba, da ta Lee ta 2017, inda kotu ta yarda cewa mutum na iya zaɓar a yi shari'a ko da hujjoji sun yi masa katutu, muddin zama a ƙasar ne babbar damuwarsa.

Tambayar farko, da takardar da ke biye mata

A koya wa lauya ya tambayi kowa da kowa, ba tare da duba launi ko jin harshe ba: "A ina aka haife ka?" Ta fi "Kai ɗan ƙasa ne?" amfani, domin mutane da yawa na ɗauka girin kad ta mai da su 'yan ƙasa, wasu kuma 'yan ƙasa ne ba su sani ba. Dokar da ta fara aiki ranar 27 ga Fabrairu 2001 ta ba yaron da bai kai shekara 18 ba zama ɗan ƙasa kai tsaye idan yana da girin kad kuma yana zaune a hannun mahaifi ko mahaifiya 'yar ƙasa. Idan haka ne, maganar kora ta mutu.

Idan amsar ta nuna wata ƙasa, sai a cike takarda ɗaya kafin a yi magana da mai gabatar da ƙara. A rubuta matsayinsa na yanzu, ranar da ya shigo da yadda ya shigo (da biza ko ta ɓarauniyar hanya), ranar da ya samu girin kad, duk tafiyar da ya yi waje, danginsa 'yan ƙasa ko masu girin kad, ko an taɓa korarsa, ko yana tsoron komawa ƙasarsa, da dukan laifuffukan baya tare da lambar sashen doka da hukuncin kowanne. A ɗauki hoton katin gaba da baya. Ranaku su ne jarin wannan aiki, kuma ƙwaƙwalwar mutumin da ke tsare ba abin dogaro ba ce.

Abin da ake kira hukunci

Nan ne ƙwararrun lauyoyin laifi suka fi yin tuntuɓe, saboda dokar tarayya tana da tata ma'anar da ba ta kula da ta jiha. Sashe na 101(a)(48)(A) na Dokar Shige da Fice, wanda aka shigar a 1996, ya ce ko da alƙali ya jingine yanke hukunci, an samu mutum da laifi idan abu biyu suka haɗu: ya amsa laifi, ko ya ce ba ya jayayya, ko ya amince da bayanan da suka isa a kama shi da laifi, sannan alƙali ya ɗora masa wani horo ko taƙaita 'yanci. Tara, ɗaurin talala, zuwa ajin gyaran hali bisa umarnin kotu, duk sun shiga.

Saboda haka shirin da ake cewa "ka amsa laifi yau, ka kammala magani, a kori ƙarar" tarko ne. A wurin jiha mutum ya fita tas, a wurin tarayya yana da hukunci a kansa. Abin nema shi ne shirin da ake shiga kafin amsa laifi, inda ba a furta komai a gaban alƙali ba. Goge laifi daga rajista don an gyara hali shi ma galibi ba ya amfani. Wanda ke aiki shi ne soke hukunci saboda wani kuskure na shari'a, kamar yadda Hukumar Ɗaukaka Ƙarar Shige da Fice ta bayyana a shari'ar Pickering ta 2003, kuma dole takardar sokewar ta faɗi kuskuren. Hukuncin kotun yara ba ya cikin wannan ma'ana.

Ɗaurin je-ka-gyara-halinka kuwa ana lissafa shi cif. Wanda aka yanke wa shekara ɗaya aka jingine duka, bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba, a idon tarayya ɗaurin shekara ɗaya ne.

Rukunan laifi da lambobin da za a haddace

Jeri biyu ne, kuma kada a bari su cakuɗe a kan masu koyo. Sashe na 237 ya ƙunshi dalilan korar wanda aka shigo da shi bisa ƙa'ida. Sashe na 212 ya ƙunshi dalilan hana shiga, kuma shi ne ke kan wanda ya shigo ba izini, da mai neman girin kad, da ma mai girin kad da ya yi wani laifi ya fita waje ya dawo. Don haka ake samun mutumin da yake zaune lafiya shekaru, ya tafi jana'iza ƙasarsa, a tsare shi a filin jirgi.

Mafi muni shi ne rukunin da sashe na 101(a)(43) ya kira laifuffuka masu tsanani. Sunan na yaudara, domin ƙaramin laifi a jiha na iya faɗawa ciki. Sata, fasa gida da laifin amfani da ƙarfi suna shiga idan ɗaurin ya kai shekara ɗaya. Zamba tana shiga idan asarar ta haura dala 10,000, ko da ba a ɗaure mutum ba. Safarar ƙwaya, kisan kai, fyaɗe da lalata da ƙaramin yaro ba su buƙatar wani adadi. Wanda ya faɗa wannan rukuni za a tsare shi ba beli, ba shi da mafakar siyasa, ba shi da damar neman soke kora, kuma idan ya dawo ba izini yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara 20.

Sai laifin lalacewar ɗabi'a, kamar zamba da yawancin nau'in sata. Guda ɗaya na jawo kora idan an aikata shi cikin shekara biyar da shigowa kuma doka ta ba da damar ɗaurin shekara ɗaya ko fiye. A lura: a nan abin da alƙali zai iya yankewa ake dubawa, ko da bai yanke ba. Shi ya sa Kalifoniya a 2015 da New York a 2019 suka rage iyakar ɗaurin ƙananan laifuffuka zuwa kwana 364. Guda biyu da ba su fito daga shiri ɗaya ba suna jawo kora ko yaushe aka yi su. A ɓangaren hana shiga akwai sassauci ga laifi ɗaya tak wanda iyakarsa ba ta wuce shekara ba kuma ɗaurin bai wuce wata shida ba.

Ƙwaya ba ta da sassauci sai ɗaya: mallakar wiwi giram 30 ko ƙasa da haka don amfanin kai, sau ɗaya, kuma a jerin kora kawai. Halatta wiwi da wasu jihohi suka yi bai canja dokar tarayya ba. Bindiga, cin zarafin iyali, cutar da yaro da saɓa umarnin kariya na kotu kowanne da nasa sashen.

Karanta doka, ka bar labarin 'yan sanda

Wannan ɓangare ya cancanci rabin lokacin horon. Kotun shige da fice, a mafi yawan lokuta, ba ta tambayar abin da mutum ya aikata. Tana ɗaukar ginshiƙan laifin a dokar jiha, ta nemo mafi ƙanƙantar aikin da za a iya hukunta mutum a kansa, ta gwada da ma'anar tarayya. Idan dokar jiha ta fi faɗi, ba su dace ba. A shari'ar Moncrieffe ta 2013, giram 1.3 na wiwi aka samu a motar wani ɗan Jamaika a Jojiya, kuma tunda dokar jihar ta haɗa har da raba ɗan kaɗan kyauta, kotu ta ce ba laifi mai tsanani ba ne. A ta Mellouli ta 2015, ƙwayoyi ne a cikin safa, amma jerin ƙwayoyin jihar Kansas ya fi na tarayya yawa kuma takardar tuhuma ba ta faɗi wace ƙwaya ba ce, don haka kotu ta ce laifin bai jawo kora ba.

Idan doka ta ƙunshi laifuffuka daban-daban, ana buɗe takardu ƙalilan don a gane wanne ne: takardar tuhuma, yarjejeniyar amsa laifi, da abin da aka faɗa a gaban alƙali. Rahoton 'yan sanda ba ya ciki, sai idan lauya da bakinsa ya amince a ɗauke shi a matsayin tushen amsa laifin. Wannan kuskure ne na daƙiƙa biyar da ake yi a tsaye, alƙali na sauri, kuma ba ya gyaruwa cikin sauƙi.

Togaciya biyu dole a faɗe su. Adadin dala 10,000 ana duba shi daga ainihin abin da ya faru, har da umarnin biyan diyya, bisa shari'ar Nijhawan ta 2009. Sannan tun shari'ar Pereida ta 2021, barin takardu a dunƙule ba ya taimakon wanda ke neman sassauci, domin nauyin hujja a kansa yake. Gara a amsa takamaiman ɓangaren da ba shi da haɗari, a rubuta shi ɓaro-ɓaro.

Atisaye

Lacca kaɗai ba ta zama. A raba mahalarta uku-uku, a ba su fayil na gwaji: mai girin kad na shekara shida, ya shigo shekara takwas da suka wuce, ana tuhumarsa da sata, an yi tayin shekara ɗaya a jingine. Su gano cewa tayin, duk da daɗinsa, laifi ne mai tsanani. Su lissafa cewa ya cika sharuɗɗan neman soke kora, wato shekara biyar da girin kad da bakwai na zama bayan shigowa, kuma tayin zai rushe wannan damar. Sannan su fito da abin da za su miƙa a madadinsa: kwana 364, ko tuhuma biyu kowacce ƙasa da shekara, ko wani laifi dabam, ko kwanaki na gaske a tsare a maimakon dogon ɗauri a jingine. Sai a sauya ranar shigowa da ta girin kad zuwa shekara huɗu, su ga yadda 364 ɗin ta daina wadatarwa idan iyakar laifin a doka ta kai shekara.

A maimaita da marar takardu, wanda damuwarsa ta farko ita ce kada ya shiga kurkukun da hukumar ICE, mai kamawa da korar baƙi, za ta aika takardar neman a riƙe shi har awa 48. Tun Dokar Laken Riley ta Janairu 2025, kamawa kawai kan sata a kanti na iya jawo wa wanda ya shigo ba izini tsarewa ba beli. Biyan beli a kotun jiha ba tare da duba ko akwai wannan takarda ba kan miƙa mutum hannun ICE, shari'arsa ta laifi na nan a buɗe.

Daga ƙarshe kowane lauya ya rubuta shawarar da zai bayar cikin layi uku, a karanta ta da tafinta idan da buƙata, a ajiye kwafi a fayil da kwanan wata. Ofishin da ba shi da ƙwararre a ciki ya ƙulla da cibiyoyi irin su Immigrant Defense Project a New York ko Immigrant Legal Resource Center a San Francisco, ya kuma sa ranar sabunta jadawalin laifuffukan jiharsa, domin hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta yanki ɗaya ba lallai ya yi aiki a wani ba.