Yadda Ake Samun Injiniya Kafin Gyaran Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa a Katsina

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa bai yawaita a gidajen Katsina ba, shi ya sa idan mai gida ya tashi gyara nasa, magini yake fara kira. Magini ya san bulo da siminti, amma lissafin nauyi aikin injiniya ne, domin bangon irin wannan ɗaki yana ɗauke da ginin da ke bisansa, ga kuma ƙasa tana tura shi ta gefe.

Da farko, kada a fasa komai. A nemo zanen gidan na asali idan yana nan, a ɗauki hoton kowace tsaga, a ja layi da fensir a daidai inda ta tsaya tare da rubuta kwanan wata, domin a gane ko tana ƙaruwa. Idan da hali, a jira ruwan watan Agusta, lokacin da lema ke fitowa a bango, fenti ya kumbura, farin gishiri ya feso a gindinsa.

Daga nan sai neman injiniya. Za a iya tambaya a reshen ƙungiyar injiniyoyi ta NSE da ke Katsina, ko a wajen wanda ya zana gidan. Ba duk wanda ake kira "Injiniya" a wurin gini ne injiniya ba, saboda haka a buƙaci lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don kula da wannan sana'a, a kuma tabbatar fanninsa ƙarfin gini ne. Mai rajista yana da hatimin da yake bugawa a kan zanensa.

Dole ne ya zo ya gani da idonsa. Wanda ya yanke hukunci daga hoton WhatsApp, a rabu da shi. A gaya masa tarihin filin ba tare da ɓoye komai ba, musamman idan tsohon kududdufi ne aka cike, kamar yadda ake samu a unguwannin cikin gari, a nuna masa inda shadda da kwata suke, da kusancin katangar maƙwabci. Yana iya neman a yi gwajin ƙasa ko a tona gefen harsashi, kuma wannan kuɗi ne da bai kamata a yi ƙyashin kashewa ba.

Abin da za a karɓa daga hannunsa shi ne rahoto a rubuce da zane mai hatimi, wanda ya fayyace kaurin rodi, ko mai milimita 12 ko 16, da yadda za a tokare rufin ɗakin kafin a cire bango. Da wannan zane ake zuwa hukumar tsara birane ta jiha neman izini.

A yi yarjejeniya da shi tun farko cewa zai dawo ya duba ɗaurin rodi kafin a zuba kankare, kuma kada a cire tokara sai da izininsa, domin sai bayan kwana 28 kankare ke kai ƙarfin da aka lissafa masa.